Zuwa ga Abba, Mai Tafiya Koya wa Turawa Hausa

Daga mahaifinka Malam Bukar Tafinta, Haɗeja, zuwa ga ɗana Mustafa, wanda nake kira Abba.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da sa albarka, da fatan takardar nan ta iske ka a Ikko cikin ƙoshin lafiya kafin jirginku ya tashi. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka. Allah Ya tsare ka a kan wannan babban ruwa mai gishiri, Ya sauke ka Ingila lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki.

Ba labarin gida zan ba ka ba, don babu abin da ya sake bayan tafiyarka sai ruwa da ya ƙaru a fadama. Ranar da muka raka ka tashar Malam Madori na zo da magana cike da baki, amma jirgi na yin busa duk ta watse, na ɓuge da ce maka ka riƙe tikitinka da kyau. Da na dawo na faɗa wa mahaifiyarka, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Malam, yaro zai tafi bangon duniya, abin da ka samu ka gaya masa ke nan?" Shi ya sa na zauna da alƙalami.

Ka sani ina cikin farin ciki. Ko'ina na bi a kasuwa sai an tare ni, wai jikan masunta zai je ya koya wa Turawa magana a cikin garinsu. Nakan ce musu mataimaki ne, akwai babban malami Bature a samansa, shi zai ba su nahawu, ɗana kuma ya ba su baki. Ba sa saurara, su dai a wurinsu kai ne malamin Landan gaba ɗaya. Ni ma na daina gyara musu.

To, wannan aiki na riga ka yin sa, ba aji ba allo, a cikin kwalekwale. Na kuma tafka kurakurai a cikinsa. Su zan jera maka, ka yi dariya, sa'an nan ka kauce musu.

Ina da shekara kamar ashirin aka turo mana wani sabon Bature, ƙaramin Di'o, dogo siriri. Ba shi da aiki idan ya samu sarari sai tsayawa bakin ruwa yana kallon tsuntsaye, ko motsi ba ya yi, shi ya sa mutane suka sa masa suna Zalɓe. Ni nake tuƙa shi rangadi da damina. Wata rana ya ce in riƙa koya masa Hausa, shi kuma ya koya mini Turanci da rubutun boko. Haka muka ƙulla.

Ni kuwa tsoronsa nake ji. Duk abin da ya faɗa sai in ce, "Daidai ne, ranka ya daɗe." Ya karya harshe, daidai ne. Ya mai da mace namiji, daidai ne. Babbar matsalarsa ita ce bai iya bambanta ka da ƙa ba, ni kuma na ga ba girmana ba ne in ce wa Bature ya sake.

Ran nan muka sauka wani ƙauyen masunta wajen Kirikasamma. Sarkin Ruwan garin, wani dattijo mai fara'a, ya sa aka gasa mana karfasa manya-manya, dattawa suka kewaye mu a inuwar tsamiya. Zalɓe ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, ya gyara murya don ya nuna ya iya Hausa. So yake ya ce kifin da daɗi, sai dai ƙashi ya yi yawa. Sai ya ce, da ƙarfi kuwa, "Sarki, kifinka da daɗi, amma kashi ya yi yawa a ciki."

Sarkin Ruwa ya dubi akushi, ya dube ni, ya juya wajen zana ya ce, "Wa ya gyara kifin nan?" Sai muka ji muryar uwargidansa daga ciki, a fusace: "Ni na gyara shi da hannuna, sau uku na wanke! A tambayi baƙon a ina ya gani!" Wani tsoho ya kasa daurewa ya tuntsire da dariya, sauran suka bi shi. Zalɓe na ta murmushi, ya ɗauka yabon Hausarsa ake yi.

Sai da muka shiga kwalekwale na yi ƙarfin hali na fassara masa abin da ya faɗa. Kunnuwansa suka yi ja wur. Ya ce, "Bukar, wata nawa ina faɗin haka?"

Na ce, "Wata bakwai, ranka ya daɗe."

"Kai kuma kana ce mini daidai ne?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Ashe ba malami na ɗauka ba, maroƙi na ɗauka."

Maganar nan ta shige ni. Kwana uku muna tafiya a ruwa ina sa shi yana ƙa, ƙa, ƙa, har agwagin ruwa na tashi daga cikin ciyawa. Da ya iya, ya ce lalle mu koma ƙauyen nan. Ya tsaya ƙofar gidan Sarkin Ruwa ya ɗaga murya yadda uwargida za ta ji, ya ce, "Ƙashi na ce! Ƙashi!" Ta aiko masa da ƙwarya guda ta busasshen kifi.

Abba, waɗanda za ka koya wa ɗin nan, gobe su ne za su zauna a gaban talakawa suna sauraron ƙara. Idan ka ji kunyar gyara musu a aji, wani bawan Allah ne zai sha wahalar kuskuren a nan. Ka gyara musu da sakin fuska, ka maimaita sau goma in ta kama, amma kada ka ce daidai ne alhali ba daidai ba ne. Idan kuma suka yi irin ta Zalɓe, ka yi dariyarka tare da su, ba a bayan idonsu ba.

Abin da ya biyo baya ya fi wancan muni, domin wancan tsoro ne, wannan kuwa ƙarya ce. Zalɓe yana da wani ɗan littafi da yake rubuta sunayen tsuntsaye. Ya nuna ya ce mene ne wancan, in ce gauraka. Wancan fa? Kirinjijiya. Wancan? Jinjimi. Ina ba da amsa yana jinjina kai, ni kuma kaina na ƙara girma. Sai ran nan da sanyi ya nuna mini wasu 'yan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu, sun sauka garke guda a gonar shinkafa. Ban san sunansu ba. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ji bakina ya ce, "Ɗan sarkin fadama ke nan." Ya rubuta. Da na ga ta wuce lafiya, sai abin ya zame mini jiki. Duk wanda ban sani ba in raɗa masa suna nan take, har da su "mai rawar safe" da "amaryar kwaɗo".

Ana nan sai ya ce mini zai aika da littafin Kano, wurin wani Bature da ke tattara kalmomin Hausa zai buga su, don na baya su koya. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na riƙa ganin amaryar kwaɗo a cikin babban littafi, jikokinmu na karantawa. Da safe na same shi yana shan shayi, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, akwai sunayen da ni na haife su."

Sai ya miƙo littafin da fensir ya ce, "Nuna mini 'ya'yanka."

Muka ɗauki wani tsohon masunci, Baba Gaji, wanda ya yi shekara sittin yana kamun kifi a kan gora, muka bi fadama da shi muna gogewa muna gyarawa. Kusan duka ya san su, wasu da Hausa, wasu da Barbarci. Da muka zo kan 'yan tsuntsayen gonar shinkafa, ya kare ido da hannu ya dube su, ya ce, "Wannan kam ban sani ba. Baƙi ne, da sanyi suke zuwa." Haka kawai, ko a jikinsa. Mutumin da ya fi kowa sanin ruwan nan ya ce bai sani ba, kuma babu abin da ya ragu a jikinsa. Zalɓe ya yi murna, ya ce gaskiyar tsoho, daga can ƙasar Turawa suke tasowa.

Ɗalibanka za su tambaye ka abubuwa da yawa, suna ganin tunda kai Bahaushe ne duk Hausa na cikin cikinka. Ba ta ciki. Sunan ciyawa, sunan kayan saƙa, maganar mahauta, waƙar daka, akwai da yawa da ba ka taɓa ji ba saboda ka yi zaman makaranta. Ka ce, "Ban sani ba, amma zan tambayo." Ka rubuto mana. Mahaifiyarka ta ce in gaya maka duk abin da ya shafi kicin da goyo da biki ita ce malamar, a shirye take ta koya wa Landan. Kuma idan suka ce Hausar littafi ta Kano ce, ka koya musu ta littafin, amma in bakinka na Haɗeja ya suɓuce kada ka ba da haƙuri. Ka ce musu haka ake faɗi a gabas, su ƙaru.

Bayan shekara biyu aka mai da Zalɓe Ikko, ya tafi da ni. A nan na san baƙunta. Ɗakina na bayan gidansa, kusa da na mai gadi. Matar mai gadin, Iya Sikira, Bayarabiya ce Musulma, mai jiki, mai yawan magana, Hausarta ba ta fi kalma ashirin ba. Tun ranar da na sauka ta fara aiko mini da abinci: wani baƙin tuwo mai santsi, da miya ja wur da manja. Na duba na ce a raina ni ba zan ci wannan ba. In karɓa in yi godiya, in ta juya in zagaya bayan ɗaki in juye wa kajinta, in koma in jiƙa ƙanzon da na taho da shi. Ba na shiga hirarsu, ba na zama inda suke. Daga aiki sai ɗaki, ina ƙirga abin da garinsu ya rasa: ba fura, ba kuka, ba sararin da ido zai huta. Na rame har wuyana ya yi tsawo.

Kajin ne suka tona mini asiri. Suka san ni. In na fito alwala su biyo ni, in na tafi shanya su biyo ni, har bakin ofis wani zakara ya taɓa raka ni. Iya Sikira ta lura. Ran nan ta zo da kwano da kanta, ta ajiye a gabana, ta ja kujera ta zauna, ta ce, "Malam, kaji ya gode. Yau kai."

Ba hanyar gudu. Na yi bismilla na kai loma. Barkono ya kama ni, hawaye na zuba, ita kuma tana tafa hannu tana kiran maƙwabta su zo su gani. Kafin in ankara na share kwanon, har ina leƙen ko da saura. Daga ranar na zama ɗan gida. Ita ta nuna mini masallacin da 'yan Arewa ke taruwa, ita ta yi jinyata da zazzaɓi ya kwantar da ni, ta riƙa dafa mini wasu ganyaye masu ɗaci tana zagina da Yarbanci in na ƙi sha. Wata huɗu na ɓata ina zaman kaɗaici a tsakiyar mutanen da ke so na.

Saboda haka idan ka isa, kada ka kulle kanka a ɗaki kana jin kewar gida. An ce za a sauke ka a gidan wata tsohuwa. Ka gaishe ta kullum safe kamar yadda za ka gai da kakarka. Ka faɗa mata tun ranar farko, a fili, cewa ba ka cin alade ba ka shan giya, kuma kana salla sau biyar. Mutane sun fi ganin girman wanda ya faɗi haka tun farko bisa wanda ke ɓoye-ɓoye. Abin da ya halatta kuwa ka ci, ko da ba gishiri ba yaji, don Zalɓe ya ce mini haka abincinsu yake. In sun gayyace ka shan shayi ka je. Ka yi tambaya, ka shiga jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, ka taɓa ƙanƙarar nan da ke zubowa daga sama ka rubuto mana yadda take. Ka sa rigar sanyi tun kafin ka ji sanyin, kada ka tsaya nuna jarumta.

Kuskurena na dawowa gida kuma, wannan duk Haɗeja ta san shi, gara ka ji daga bakina. Da Zalɓe ya tafi hutu ƙasarsu ya sallame ni, ya ba ni tsohuwar hularsa ta kwano. Na sayi takalmi sau-ciki da safa, na kamo hanyar gida. A lokacin kakanka Mustafa, wanda ka ci sunansa, yana ƙauyenmu na hayin kogi wajen Auyo, ruwa kuma ya cika. Aka ɗauko ni a kwalekwale. Da muka doso gari na hango mutane sun taru a gaɓa, sai na ga ai a zaune ba za su ga takalmin ba. Na miƙe tsaye, na riƙe ƙugu, na gyara hula. Mai tuƙi ya ce, "Bukar, zauna mana." Na amsa masa da Turanci. Ni da aka haifa a bakin ruwan nan, na manta sau-ciki ba ya kama jiƙaƙƙen katako. Kwalekwale ya ɗan karkata, sai ji kake tsundum.

Na taso ina tari, takalmi ɗaya ya tafi, hula na yawo a kan ruwa. Gari duka na dariya, mata na guɗa. Na fito na rarrafa gaban kakanka na durƙusa, ruwa na ɗiga, na ce, "Baba, na same ku lafiya?" Da Hausa kuwa, Turancin duk ya bi ruwa.

Ya dafa kaina ya ce, "Yauwa, yanzu na gane ka. Da na hango mai hula a tsaye na ɗauka Di'o ne ya zo ƙirga mu." Hular nan da ita aka yi ta yashe ruwa a kwalekwalensa har ta mutu.

Kai za ka dawo da abin da ya fi hular kwano nesa ba kusa ba. Za ka ga abin da ko hakimai ba su gani ba. In ka dawo ka durƙusa wa wanda kake durƙusa wa, ka ci tuwo da hannu tare da abokan wasanka, ka yi wa mahaifiyarka magana da harshen da ta yi maka rarrashi da shi. Labarin Ingila kuma ka bari sai an tambaye ka, za a tambaya har ka gaji.

Saura guda, shi ne wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma kai na yi wa. Ka tuna hutunka na farko daga makarantar Midil? Na tara abokaina a zaure na ce ka karanta musu Turanci su ji. Kana karatu tiryan-tiryan, ina ta kallon fuskokinsu ina jin daɗi, har ka zo kan kalmar da ke nufin tsibiri, ka ce "ailan". Ni kuwa a littafi na tsince ta, ban taɓa jin ta a bakin Bature ba, shekara da shekaru ina karanta ta "isilan". Na tsai da kai na ce, "Isilan ake cewa."

Ka ce, "Baba, malaminmu ya ce ba a furta harafin 's' ɗin nan."

Abokaina suka dube ni. Ni ne Tafinta, ni na zauna Ikko, ga ɗan shekara goma sha uku yana gyara mini a zaurena. Na daka maka tsawa na ce, "Ni za ka koya wa Turanci? Faɗi yadda na faɗa!" Ka sunkuyar da kai ka ce "isilan", a hankali. Ka rufe littafin.

Washegari na je gidan waya na tambayi akawu a asirce. Ya ce yaro ne da gaskiya. Na dawo gida da niyyar in kira ka in faɗa maka, na same ka kana gyara wa mahaifiyarka danga, na tsaya, na wuce. Na ce gobe. Goben nan ce ta kai yau, shekara goma sha biyu. Kuma na lura tun daga ranar ba ka sake karatu da ƙarfi a gabana ba.

Abba, kai ne da gaskiya, ni ne da kuskure, na kuma san haka tun washegari. Ka yafe mini. Wata rana cikin ɗalibanka wani zai kawo maka abin da ya fi ka sani, wataƙila ma a cikin Hausar taka, a gaban jama'a. Za ka ji wani abu ya taso maka a ƙirji. Ka haɗiye shi, ka ce, "Gaskiyarka, na gode." Ni na kasa, kuma abin da na yi asara shi ne muryarka a zaurena.

In Allah Ya dawo da kai, zan tara mutanen nan, waɗanda ke da rai cikinsu, a zaure guda. Ka zo da littafi mafi kauri da ka samu a can. Ka karanta mana tun daga hantsi har azahar, ni zan zauna kusa da kai, in na ji kalmar da ban sani ba in ɗaga hannu in tambaya.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kwantar muku da ruwa. Allah Ya tsare maka imaninka da lafiyarka, Ya ba ka haƙuri da ɗalibanka, Ya ba su haƙuri da kai. Allah Ya sa ka shiga lafiya ka fita lafiya, Ya maido mana da kai muna raye. Na yafe maka duniya da lahira, Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam. Ni ne mahaifinka, Bukar.